A Sayar Ko A Riƙe? Ƙungiyar Ƙwallo Da Gwanin Da Ke Janyo Mata Fitina

Daren 25 ga Janairun 1995, a filin Selhurst Park da ke kudancin Landan, alƙalin wasa ya ɗaga wa Eric Cantona jan kati saboda ya hauri ɗan bayan Crystal Palace, Richard Shaw. Yana kan hanyar fita sai wani ɗan kallo ya gangaro har bakin shinge yana ɗura masa ashar. Cantona ya daka tsalle ya sakar wa mutumin ƙafa a ƙirji, ya bi shi da naushi. Kafin gari ya waye masu sharhi da dama a Ingila sun gama yanke nasu hukuncin: a raba shi da ƙwallon ƙasar, wasu ma suka ce har abada.

Manchester United ta dakatar da shi zuwa ƙarshen kaka, ta ci shi tarar fam dubu 20. Hukumar ƙwallon Ingila ta ga hakan bai isa ba, ta ja dakatarwar har ƙarshen watan Satumba, wata takwas ke nan. Kotu ta yanke masa ɗaurin mako biyu, da ya ɗaukaka ƙara aka mayar da hukuncin aikin hidima ga jama'a na awa 120, wanda ya yi wajen koya wa yara ƙwallo. Faransa ta karɓe kambun kyaftin daga hannunsa, bai kuma sake buga mata wasa ba. Ita kuwa United, da maki ɗaya tak Blackburn ta ƙwace mata kofin Firimiya a wannan kakar, sannan Everton ta doke ta a wasan ƙarshe na kofin FA.

Tambayar da ta tsaya a gaban koci Alex Ferguson ita ce wadda har gobe ake tayar da jijiyar wuya a kanta a gidajen kallon ƙwallo daga Kano har Damagaram, duk lokacin da wani gwani ya yi aika-aika. Wani ya ce a sayar da shi a huta, ai wake ɗaya ke ɓata gari. Na kusa da shi ya ce haba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kowa da hujjarsa, amma duka biyun sun tsallake abin da ya kamata a fara dubawa, wato wace irin fitina ce, kan wa take sauka, kuma akwai wanda zai ɗauki wahalar gyara a cikin ƙungiyar ko babu.

Masu cewa a sayar da Cantona ba su rasa abin faɗa ba. Tun a Faransa an san halinsa. A 1991, yana Nîmes, ya jefi alƙalin wasa da ƙwallo, aka dakatar da shi wata ɗaya. Da ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa sai ya zage su ɗaya bayan ɗaya, aka ninka masa hukuncin. Ga kuma mai saye a bakin ƙofa, domin Inter Milan ta Italiya tana zawarcinsa. Shi kansa a watan Agustan 1995 ya nemi a sallame shi, ya tattara ya koma birnin Faris. Ferguson bai aika wakili ba. Da kansa ya bi shi can, ya zauna da shi, ya shawo kansa.

Me Ferguson ya gani da sauran jama'a ba su gani ba? Yana ganin mutumin kullum a filin atisaye. Cantona ba ya makara, ba ya wasa da aiki, kuma idan an tashi yakan tsaya ya ci gaba da gwada bugu shi da 'yan samari. David Beckham da Paul Scholes da Gary Neville da Nicky Butt duk a gabansa suka tashi, sun kuma sha faɗin abin da suka koya daga wannan naci nasa. Fushinsa wuta ce mai tashi farat ɗaya, amma ba ta taɓa cin tsarin ƙungiyar ba. Kuma ya ɗauki horon da aka yi masa har ƙarshe. Ranar 1 ga Oktoban 1995 ya dawo a wasa da Liverpool, ya ba Butt ƙwallon farko, ya ci fenariti, aka tashi biyu da biyu. A watan Janairu Newcastle na gaba da maki 12; a watan Maris Cantona ya je har gidanta ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta raba gardama. United ta ɗauki Firimiya, ta haɗa da kofin FA, inda shi ne ya ci Liverpool a wasan ƙarshe yana ɗaure da kambun kyaftin. Marubuta wasanni, waɗanda da yawansu suka nemi a kore shi shekara guda kafin nan, su suka zaɓe shi gwarzon shekara.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka Ferguson mai haƙuri ne da kowa. A 1989 ya sallami Paul McGrath da Norman Whiteside, manyan 'yan wasa biyu, domin yana son kashe al'adar shan giya da ya tarar a ƙungiyar. McGrath ya tafi Aston Villa a kan kuɗin da bai wuce kimanin fam dubu 400 ba. A can aka san yadda za a zauna da shi, aka rage masa nauyin atisaye saboda ciwon gwiwa, aka riƙa lallaɓa shi. A 1993 'yan uwansa 'yan wasa suka zaɓe shi mafi gwaninta a Ingila, a 1994 kuma yana cikin 'yan Villa da suka doke United ci uku da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Lig. Ba zan ce Ferguson ya yi kuskure ba, domin a lokacin ƙungiya ce sukutum yake son gyarawa. Amma labarin ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya gagarar wani gida ya zauna lafiya a wani, gwargwadon wanda ya riƙe shi.

Matsalar giyar McGrath ciwo ce, kuma a nan ne nake ganin ƙungiyoyi suka fi zaluntar 'yan wasa. Wanda shaye-shaye ko caca ko ciwon damuwa ya kama, magani yake bukata kafin a fara lissafin kuɗinsa. Arsenal ta riƙe kyaftin ɗinta Tony Adams ko da aka ɗaure shi a Disambar 1990 saboda tuƙi cikin maye. A 1996 ya fito fili ya ce giya ta fi ƙarfinsa, ya nemi taimako, sabon koci Arsène Wenger ya iso ya mara masa baya. Adams ya ɗaga kofin Firimiya da na FA a 1998, ya maimaita a 2002. Abin da ya fi kofunan daraja shi ne cibiyar Sporting Chance da ya kafa a 2000 domin jinyar 'yan wasan da suka faɗa irin ramin da ya fito.

Batun Luis Suárez ya fi wuyar warwarewa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. ('Yan uwanmu na Ghana ba sa bukatar a tuna musu da shi, tun ranar da ya sa hannu ya tare ƙwallo a bakin raga a gasar cin kofin duniya ta 2010.) Liverpool ta saye shi daga Ajax a Janairun 2011 tana sane da cewa yana cikin dakatarwar wasa bakwai saboda ya ciji Otman Bakkal. A Oktoban wannan shekarar aka zarge shi da yi wa Patrice Evra na Manchester United kalaman wariyar launin fata. Kwamitin bincike ya same shi da laifi, aka dakatar da shi wasa takwas da tarar fam dubu 40. Washegarin hukuncin, 'yan wasan Liverpool da kocinsu Kenny Dalglish suka fito a filin Wigan sanye da riguna masu hoton Suárez. Wannan abin kunya ne. Tsaya wa ɗan wasanka daban, wanke masa laifi daban. Baƙar fatar da aka ci wa mutunci shi aka mayar mai laifi a idon dubban magoya baya. Sai a 2019 Jamie Carragher, wanda ke cikin masu sanye da rigar, ya ba Evra haƙuri a gaban talabijin.

Me aka koya wa Suárez da waccan riga? Cewa komai ya yi za a rufa masa. A Afrilun 2013 ya ciji Branislav Ivanović na Chelsea, aka ba shi wasa goma. Arsenal ta taya shi fam miliyan 40 da fam ɗaya, shi ma ya matsa sai ya tafi. Wannan karon Liverpool ta tsaya da ƙafarta: ta ƙi sayarwa, koci Brendan Rodgers ya ware shi yana atisaye shi kaɗai har ya sauko. Kakar da ta biyo baya ya ci ƙwallo 31 a wasa 33, Liverpool ta ƙare ta biyu, maki biyu tsakaninta da Manchester City. Ana cikin yabo sai ga shi ya ciji Giorgio Chiellini a gasar cin kofin duniya ta 2014, FIFA ta raba shi da ƙwallo wata huɗu. Nan Liverpool ta miƙa shi ga Barcelona a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 60.

A lissafin kasuwa an yi ciniki mai kyau. A fili kuwa an sha wahala. Ƙungiyar da ta ci ƙwallo 101 a gasar Firimiya ta koma 52, ta sauka ta shida. Cikin waɗanda aka kawo don cike gurbi har da Mario Balotelli a kan fam miliyan 16, wanda shi ma an san shi da rigima, ya kuma ƙare kakar da ƙwallo ɗaya a Firimiya. An rabu da mai fitina da ke mutuwa a kan ƙwallo, an ɗauko mai fitina da bai dace da salon wasan ba. Duk mai cewa a sayar, sai ya faɗi wa za a kawo, domin nan ne ƙungiyoyi da yawa suke faɗuwa.

Akwai kuma dalilin da ya sa shugabannin ƙungiya ba su da lokacin dogon tunani. Tun hukuncin Bosman na Disambar 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta, ko sisi ƙungiya ba za ta samu ba. A Ingila tarar da ƙungiya ke iya cin ɗan wasa bisa al'ada ba ta wuce albashin mako biyu, abin da ba ya girgiza mai ɗaukar dubban ɗaruruwa a mako. Kuma ranar da koci ya fito gaban 'yan jarida ya ce wane ba zai sake sa masa riga ba, ranar farashinsa ya karye, domin kowane mai saye ya san an ƙosa a rabu da kayan. Mafi munin zaɓi shi ne na tsakiya: ba a sayar ba, ba a gyara ba, ana biyan albashi mutum yana zaune a gida.

A Arsenal, koci Mikel Arteta ya guje wa wannan tarkon da tsada. Pierre-Emerick Aubameyang na Gabon shi ya ci ƙwallo biyun da suka ba Arsenal kofin FA a 2020, shi ne kyaftin, yana cikin masu albashi mafi tsoka. A Maris ɗin 2021 aka ajiye shi a wasa da Tottenham saboda makara. A Disamba ya sake saɓa lokacin dawowa daga tafiya, aka karɓe kambun, a Fabrairun 2022 aka sake shi ya tafi Barcelona ba tare da an karɓi kuɗi ba. Ya ci ƙwallo 11 a La Liga cikin 'yan watanni, Arsenal kuwa ta rasa gurbin gasar Zakarun Turai da maki biyu. Magoya baya sun yi ta tsine wa Arteta. Duk da haka ina ganin ya yi daidai. Laifin Aubameyang bai kai rabin na Cantona muni ba, amma ya taɓa dokar da ake so Bukayo Saka da sauran matasa su tashi a kanta, kuma kyaftin ne ke karya ta, karo bayan karo. Kakar da ta biyo baya Arsenal ta ƙare ta biyu.

Saura nau'in da bai kamata a sa yawan ƙwallaye a ma'auninsa ba sam. A Janairun 2022 aka kama Mason Greenwood na Manchester United, daga baya aka tuhume shi da laifuffukan da suka haɗa da yunƙurin fyaɗe da duka. A Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar bayan manyan shaidu sun janye, saboda haka babu kotun da ta same shi da laifi, kuma wajibi ne a faɗi hakan. Amma ƙungiya ba kotu ba ce. Tana da mata ma'aikata, tana da ƙungiyar mata, tana da 'yan mata masu sayen rigarta. United ta shafe wata shida tana nata binciken, har rahotanni suka fito cewa ana shirin dawo da shi, sai da magoya baya suka yi ca sannan ta sanar a watan Agusta cewa zai ci gaba da wasa a wani wuri. Ta ba Getafe aronsa, ta sayar wa Marseille a 2024, inda ya ci ƙwallo 21 a gasar Faransa a kakarsa ta farko. Waɗannan ƙwallaye ba su sauya komai ba. United ta yi daidai da ta rabu da shi. Laifinta shi ne da ta jira sai da jama'a suka tilasta mata.