Kafin A Kaɗa Ƙararrawar Gwanjo: Abin da Ya Rage wa Mai Bashin Gida a Abuja

Banki ba ya ƙwace gida a rana ɗaya. Da saƙon tes ake farawa, sai kira daga jami'in da ke kula da asusun, sai wasiƙa mai hatimi wadda maigadin rukunin gidaje zai miƙo wa mutum da hannu biyu. Daga wannan wasiƙa zuwa ranar da lambar fili da sunan unguwa za su fito a shafin tallan gwanjo na jarida, watanni ne, wani lokaci har fiye da shekara. Duk wani taimako da mai gida zai samu, a cikin waɗannan watanni yake. A cikinsu ne kuma magidanta da yawa suke daina ɗaga waya, su cusa wasiƙar a aljihun mota don kada uwargida ta gani.

A Kano ko Katsina mutum yakan gina gidansa ne bulo-bulo, in kuɗi suka ƙare a dakata. Abuja daban ce. Tun daga sayar da gidajen gwamnatin tarayya da aka yi tsakanin 2005 da 2007, zamanin da Malam Nasir el-Rufai yake Ministan Abuja, dubban ma'aikata a Garki da Wuse da Kubwa da Karu suka shiga bashin jingina, da yawansu ta hannun bankin Aso Savings. Daga baya rukunin gidaje suka bazu a Lugbe da Lokogoma da Kuje, aka ci gaba da saye a kan lamuni.

Bashin dai iri biyu ne, kuma bambancinsu ba kaɗan ba ne. Akwai na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992, ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, kuma ya ba da lamuni a kan ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Wanda ya ci naira miliyan 15 a haka, kusan naira 90,000 zai riƙa biya a wata. Akwai kuma na bankunan kasuwa, wanda ruwansa ke bin farashin da Babban Banki ya tsayar. A 2024 kaɗai, Babban Bankin ya ɗaga wannan farashi daga kashi 18.75 zuwa 27.5. Idan aka yi lissafin miliyan 15 ɗin nan a kan kashi 25, ruwa kaɗai ya haura naira 312,000 a wata, ba a ko taɓa uwar kuɗi ba. Ga shi an cire tallafin fetur tun Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Ba sai mutum ya yi almubazzaranci ba kafin biya ya gagare shi.

A Amurka, bayan rikicin gidaje na 2008, gwamnatin Obama ta kawo shirin sassauta wa masu gida sharuɗɗan bashi a 2009, a 2021 kuma aka ware kusan dala biliyan 10 don biyan bashin da ya taru wa magidanta. Ƙa'idarsu ma ta hana a fara shirin ƙwace gida sai bashin ya wuce kwana 120. Mu ba mu da irin wannan asusu. Wanda yake jiran gwamnati ta biya masa, gara ya sani tun da wuri.

Abin da muke da shi wata tsohuwar dokar Ingila ce ta 1881, wadda har yau ake aiki da ita kan jinginar gidaje a Abuja da yawancin jihohin Arewa. Ta ba mai bin bashi ikon sayar da gidan ba tare da ya je kotu ba, muddin jinginar an yi ta a rubuce bisa ƙa'ida, kuma ɗayan abu uku ya faru: an ba da sanarwar neman biya aka yi wata uku ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. Wata biyu fa, ba shekara biyu ba. Sau da yawa ma lauyoyin banki kan soke wannan ɗan jinkiri a cikin takardar jinginar, mai gida kuma ya sa hannu yana ɗokin karɓar makulli. Don haka aikin farko shi ne a ciro wannan takarda daga ƙasan akwati, a kai wa lauya ya karanta.

Na biyu, a nemi cikakken bayanin asusun tun daga ranar da aka ci bashin. Ba kowane adadi da banki ya rubuta ba ne daidai. Akan samu tarar jinkiri da aka ɗora wa ruwa, ko ƙarin ruwan da ba a sanar da mai bashi ba, ko kuɗin da aka cire daga albashin ma'aikaci amma ma'aikatarsa ba ta tura ba. Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa. Tsarin shi ne a fara kai ƙorafi bankin a rubuce, a karɓi shaidar sun amsa, in wa'adin da aka ɗibar wa bankin ya cika babu gamsasshiyar amsa sai a wuce can.

Sai zaman sasanci, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Bankin bai son gidan. Ƙwace shi na nufin lauya da ɗan gwanjo da neman amincewar Minista kan sauya mallaka, ga bashin da ya lalace yana ɓata masa lissafi a gaban Babban Banki. Shi ya sa akan yarda a tsawaita wa'adi don biyan wata ya ragu, ko a ɗaga ƙafa na wasu watanni a riƙa biyan ruwa kawai, ko a yafe tara in aka kawo wani kaso a dunƙule. Amma wanda ya zo da kansa a wata na farko, riƙe da takardar sallama daga aiki da tsarin yadda zai biya, ba ɗaya yake da wanda aka yi wata takwas ana nema ba. Kada kuma a yarda da «kada ka damu, Alhaji, za mu duba» ta baki. Jami'in da ya faɗa ana iya yi masa canjin reshe gobe. Duk abin da aka amince a kai, a sa shi a takarda.

Ina za a samo kason da za a kai? Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ya ciri kashi 25 na asusun fanshonsa. Kada a rikita wannan da wani kashi 25 ɗin da hukumar fansho ta PenCom ta fitar da ƙa'idarsa a 2022, domin shi na kafin alƙalami ne ga mai shirin sayen gida. Idan kuma mai gidan ya rasu, iyali su fara tambayar inshora kafin komai: lamunin gida yakan zo da inshorar rai, ana iya samun marayu suna fafutukar biyan abin da kamfanin inshora ya kamata ya biya. Wasu kuma sukan ba da hayar gidan na Gwarinpa su koma Mararaba ko Suleja na ɗan lokaci, kuɗin hayar shekara ya toshe ramin. Sai dai a duba yarjejeniya tukuna, don da yawa sun hana sa ɗan haya sai da izinin banki.

Kotu fa? Lauyoyi da yawa za su ce a garzaya a samo umarnin dakatar da gwanjo. Yana da amfani in akwai kuskure na gaske a lissafi ko a sanarwa. In babu, sayen lokaci ne da tsada, domin ruwa ba ya tsayawa don ana shari'a. Akwai masu dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar Savannah Bank, inda aka rushe jingina saboda ba a nemi amincewar gwamna ba kamar yadda Dokar Filaye ta 1978 ta tanada. Sai dai wasu hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun nuna kotu ba ta son wanda ya ci kuɗi ya dawo yana fakewa da sakacinsa. A ganina zauren sulhu na Babbar Kotun Abuja, wanda aka buɗe a 2003, ya fi dacewa da mai neman sauƙi ba gardama ba.

Rushewar banki ma ba ta kashe bashi. Da aka soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ce ta gaji bin basussukansa. Ɓoye kuɗi a wani banki shi ma ya daina aiki tun Agustan 2020, lokacin da aka ba bankuna damar bin lambar BVN su ciri abin da suke bi daga asusun mutum a ko'ina.

Idan lissafi ya nuna ba za a iya ba, mai gida ya nemi izinin banki ya sayar da kansa. Shawara ce mai ɗaci, amma ɗan gwanjo burinsa a rufe bashin, mai gida kuwa shi ya san kuɗin tayil da rijiyar burtsatse da ya zuba. Doka ta ce rarar da ta saura bayan an cire bashi da ɗawainiya ta mai gida ce, haka ma fiƙihun Malikiyya ya tafi a kan jingina. Sai dai rarar gwanjo ba ta cika yawa ba, kuma da zarar an sayar wa wanda ya saya da gaskiya, dawo da gidan yana da wuyar gaske, galibi diyya kawai ake iya nema.

 Masu gida a Abuja kuma suna da wani mai bin bashi da bai kamata su manta da shi ba, wato gwamnati. A Maris 2025 Minista Nyesom Wike ya soke takardun mallaka 4,794 a unguwanni irin su Wuse, Garki, Maitama da Asokoro saboda an yi shekara goma ko fiye ba a biya harajin fili ba. Wanda takardarsa take ajiye a banki, shi ma ya leƙa ofishin bayanan filaye na AGIS ya ga nawa ake bin sa.