Farashin wutar lantarki a gidaje

Farashin wutar lantarki a gidaje shi ne kuɗin da magidanci ke biya a kan kowane yunit na wutar da ya sha. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, wato wutar da fanka mai wat 50 za ta ci idan ta yi awa 20 tana juyawa. Wannan farashi ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A shekarar 2023 magidanci a Jamus yana biyan kusan santi 40 na Yuro a kan yunit ɗaya, na Amurka kuma kusan santi 16 na dala, yayin da a Habasha da Iran da Libiya bai wuce 'yan santi kaɗan ba. Sai dai farashin da ke rubuce a takarda ba shi ne ainihin abin da gida ke kashewa ba, musamman a ƙasashen da wutar ba ta tsayawa.

Abubuwan da ke kawo bambanci

Abu na farko shi ne abin da ake samar da wutar da shi. Ƙasar da ke da manyan madatsun ruwa, kamar Habasha da Norway da Paraguay, ba ta sayen mai don juya injina, da zarar an gama ginin madatsa sai kula da ita kawai. Faransa tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya. Ƙasashen da ke shigo da man fetur ko iskar gas daga waje kuwa, farashinsu yana bin kasuwar duniya. Hakan ya fito fili a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Ukraine ya sa gas ya yi tsada, kuɗin wuta ya hau a kusan duk faɗin Turai.

Na biyu shi ne haraji da kuɗin layuka. A Jamus fiye da rabin abin da ake biya ba kuɗin wutar kanta ba ne, kuɗin kula da wayoyi da taransifoma ne da haraji iri-iri. Na uku kuma tallafin gwamnati. Arahar wuta a Iran da Libiya ba ta nufin samar da ita ba shi da tsada, baitulmali ne ke biyan cikon.

Akwai kuma batun ƙarfin aljihu. Santi 40 ga ma'aikacin Jamus ƙaramin kaso ne na albashinsa, alhali santi 5 na iya yi wa manomin karkara nauyi.

A Najeriya

A watan Nuwamba na 2013, lokacin da aka sayar da kadarorin kamfanin PHCN, magajin NEPA, kamfanoni 11 ne ke rarraba wuta a Najeriya, hukumar NERC kuma ita ke tsayar da farashi. Jihohin Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Kaduna suna ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric. Mafi yawan wutar ƙasar daga tashoshin gas na kudu take fitowa, sauran kuma daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Abin da ke hawa layin ƙasa yawanci tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ne, ga al'umma sama da miliyan 200.

A 2020 aka kasa masu shan wuta gida biyar bisa yawan awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilu na 2024 NERC ta janye tallafi daga rukunin A, farashin yunit ya tashi daga kusan naira 68 zuwa naira 225, daga baya ya sauko zuwa naira 209.5. Sauran rukunan an bar su a tsohon farashi. Idan aka juya zuwa dala bisa canjin wannan shekarar, rukunin A yana biyan kusan santi 14, sauran kuma wajen santi 4. A takarda ke nan Najeriya tana cikin ƙasashe masu arahar wuta.

Amma a 2024 fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin ba su da mita, ƙiyasi ake yi musu. Wanda ake yi wa ƙiyasi bai san farashin yunit ɗinsa ba, domin bil na zuwa ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, kuma nan ne tushen yawancin rigingimun da ake yi da ma'aikatan wuta a unguwanni.

Misali daga yammacin Zamfara

Ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi suna nuna yadda farashin takarda ke rabuwa da farashin zahiri. Ƙauye kamar Tungar Daji da ke ƙaramar hukumar Anka yana cikin yankin Kaduna Electric a taswira, to amma farashin NERC yana aiki ne kawai a inda turaku suka isa kuma wuta ke bi ta cikinsu. Ƙauyuka da yawa a yankin suna nesa da babban layi, kuma matsalar tsaro ta ƙara wahalar da gyaran layukan da suka ratsa daji. Don haka jama'a suna sayen wuta ta wasu hanyoyi, kuma kowace da nata lissafin.

Ƙaramin janareta ba ya cika ba da fiye da yunit biyu daga litar fetur ɗaya. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ke nan yunit ɗaya na janareta ya kai naira 500 ko fiye, ban da baƙin mai da gyara. Wannan ya ninka farashin rukunin A fiye da sau biyu, kuma ya kusa kamo abin da ake biya a Jamus.

Lissafin cajin waya ya fi haka ban mamaki. Batirin wayar zamani yana ɗaukar kusan wat 15 na awa ɗaya, don haka yunit ɗaya zai cika waya sama da 60. Idan mai shagon caji yana karɓar naira 100 a kan kowace waya, to mai wayar yana sayen yunit ɗaya a kan sama da naira 6,000. Ba za a ce mai shago ya yi zalunci ba, domin shi ma fetur ya saya ko farantin sola da batir, ga ladan zamansa. Amma sakamakon shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin hali shi ke sayen wuta mafi tsada. Haka abin yake ga batirin tocila da na rediyo. Wannan ne ya sa ƙananan na'urorin sola suka karɓu a karkara: kuɗin farko ne ke da nauyi, bayan haka sai canjin batir.

Ko garuruwan da ke da layi ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta sami layin Ugwuaji zuwa Apir. A waɗannan kwanaki farashin ƙanƙara da niƙa da ruwan leda ya hau, wato kuɗin wutar ya biyo ta wata ƙofa.

Jamhuriyar Nijar

Kafin watan Agusta na 2023, Nijar ta daɗe tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram. Kamfanin gwamnati NIGELEC ne ke rarrabawa. Wutar Kainji ta fi wadda ake samarwa da dizal araha nesa ba kusa ba, shi ya sa lokacin da Najeriya ta katse layin a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, NIGELEC ya koma dogaro da injinan mai da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa a Yamai. An maido da layin a watan Maris na 2024. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar, kuma mafi yawansu mazauna birane ne.