Kula Da Tsofaffi Masu Doguwar Jinya Daga Nesa

Ciwon sukari da hawan jini da raunin zuciya cututtuka ne waɗanda ba a rabuwa da su sarai, sai dai a yi ta lallaɓa su har ƙarshen rayuwa. Tsohon da ke fama da ɗayansu yakan ga likita sau ɗaya cikin watanni, alhali kuwa ciwon yana iya tashi ko wace rana. Saboda haka ne waɗansu ƙasashe suka ɓullo da tsarin lura da majinyaci yana zaune a gidansa.

Yadda ake yi shi ne, akan ba majinyaci ma'aunin nauyi da na hawan jini ko na sukari, ya riƙa auna kansa ko wace safiya, a aika da sakamakon ta waya zuwa ga ma'aikatan jinya. Ga mai raunin zuciya, ƙarin nauyin kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ta cewa ruwa ya soma taruwa a jikinsa. Idan an lura da wuri, sau da yawa ƙara masa maganin da ke sa fitsari ya isa. Idan kuwa aka makara, ruwan yakan kai ga huhu, a kwashe shi zuwa asibiti numfashi na neman gagararsa.

An gwada tsarin a ƙasashe dabam-dabam, amma sakamakon bai zo ɗaya ba. A Ingila, gwamnati ta ƙaddamar da wani babban gwaji a 2008 a Konwal da Kent da Niwuham. Rahoton da aka buga a 2012 ya nuna cewa cikin shekara guda kashi 4.6 cikin 100 na waɗanda aka ba na'urori suka rasu, su kuwa waɗanda ba a ba su ba, kashi 8.3. Sai dai lissafin da ya biyo baya ya nuna tsarin ya yi tsada ainun.

A Amurka, gwajin da aka bayyana a 2010 a kan masu raunin zuciya 1,653 bai nuna wani amfani ba. Majinyatan suna buga waya ne su amsa tambayoyin na'ura, kuma kafin cikar wata 6 kusan rabinsu sun daina bugawa yadda ya kamata. A Jamus kuwa, inda likitoci da ma'aikatan jinya suka zauna dare da rana a wata cibiya a Balin suna duba sakamakon, suna kuma kiran majinyaci nan take, rahoton 2018 ya nuna raguwar mace-mace.

Abin da ya fito fili shi ne, na'ura aunawa kawai take yi. Amfaninta ya dogara ga samun ma'aikacin da zai karanta abin da ta aiko, yana kuma da ikon sauya magani. Tun daga 2015 shirin inshorar lafiyar tsofaffi na Amurka, watau Medicare, ya soma biyan likitoci ladan kulawar aƙalla minti 20 a wata ga masu cututtuka biyu ko fiye, ko da majinyacin bai taka asibiti ba. Lalle ne duk hukumar lafiyar da ke sha'awar wannan tsari ta fara tanadin ma'aikata da albashinsu kafin ta sayo na'urori.