Barin Nama Don Neman Lafiya: Amsa Ga 'Yar Uwa Daga Kademi

  

Yau zancenmu na tukunya ne. Wata 'yar uwa ce ta aiko mana da wasiƙa daga garin Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce shekarunta 45, an auna ta a asibiti an ce tana da hawan jini, sukarinta ma ya fara hawa. 'Yarta da ke karatu a Kano ta gaya mata cewa akwai mutanen da suka bar nama da ƙwai da nono gaba ɗaya, suka koma cin abin da ƙasa ta tsiro kawai, kuma suka sami sauƙi. Tambayarta guda 3 ce. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me za ta riƙa ci? Sai ta ƙarshe, wadda ta ce ita ta fi hana ta barci: su 3 ne a wurin maigida, tukunya ɗaya ake ɗorawa, ranar girkin abokiyar zamanta ba ta da bakin cewa a sa wannan a bar wancan. To yaya za ta yi?

'Yar uwa, mun gode da wasiƙa, Allah ya ba ki lafiya. Na tabbata akwai irinki da yawa daga Gaya har Ajingi, don haka bari mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, 'yarki ba ƙarya ta yi ba. Masu irin wannan tsari Turawa na kiran su bigan, kuma wani Bature mai suna Donald Watson ne ya kafa ƙungiyarsu ta farko tare da abokansa a Ingila a shekarar 1944. Ba sa cin nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, har zuma ma ba sa sha. Akwai kuma masu sassauci, waɗanda suka bar nama amma suna shan nono, kamar yadda miliyoyin mutane ke yi a Indiya tun kaka da kakanni. A Habasha ma, Kiristocin ɗariƙar Otodoks suna da azumi na kwana 55 wanda ba sa taɓa duk abin da ya fito daga jikin dabba.

Ta fuskar lafiya kuwa, an yi bincike mai yawa. Jami'ar Loma Linda da ke Amurka ta fara wani babban nazari a 2002, inda ta bi rayuwar mutum kusan 96,000. An gano cewa waɗanda ba sa cin nama a cikinsu ba su cika ƙiba da hawan jini da ciwon sukari kamar masu ci ba. A 2015 kuma, sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa yawan cin naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi, yana ƙara haɗarin kamuwa da dajin hanji. Dalilin amfanin tsirrai ba ɓoyayye ba ne. Ganye da wake da hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba suna daɗewa a ciki, suna sakin sukari cikin jini a hankali, kuma ba su ɗauke da irin kitsen dabba mai taruwa a hanyoyin jini.

Amma fa uwargida, mu gaya wa kanmu gaskiya. Baturen da ya bar nama, mutum ne da a da yake cin sa safe da rana da dare. Mu fa? A gidaje nawa ne a ƙauyukanmu ake ganin nama kullum? Wani gidan sai ranar kasuwa, wani sai suna ko biki, wani kuwa sai babbar salla. Idan mai cin yanka 2 a mako ta bar su, alhali tana nan tana watsa magi 6 a miya ɗaya, tana shan shayi da cokali 4 na sukari, to ta bar jaki tana dukan taiki. Lemon kwalba ba shi da nama a ciki. Fanke da farar shinkafa da mai da yaji ma haka. Duk ɗan bigan zai iya cin su, kuma duk suna iya ta da ciwon sukari. Saboda haka abin da za mu ɗauka daga wannan tsari shi ne yawaita ganye da wake, tare da rage gishiri da sukari da soye-soye. Rage kitse da jan nama yana biyo baya ga wadda ta saba da su.

Wata ma za ta ce, to ina matsayin addini? Nama halal ne, muna yin layya, muna yanka ragon suna. Mara lafiya da ta rage nama ko ta bar shi don jikinta ba ta yi laifi ba, kamar dai mai ciwon sukari da ta bar zuma. Abin kiyayewa shi ne kada mutum ya ce ya haramta, ko ya riƙa yi wa masu ci kallon masu laifi. In akwai sauran shakka a zuciyarki, ki tambayi malamarku ta Islamiyya.

Mu zo tambaya ta biyu, me za ki ci? A nan kam abin nema ya samu, domin abincinmu na gargajiya kusan duk daga gona yake. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga tuwon dawa da na gero, ga miyar kuka, kuɓewa, karkashi, taushe da ayoyo. Ga kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, ga fate mai yakuwa da alayyafo, ga dambu da ganye. Wake kuwa, babu ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi a duk duniya, kuma manoman Gaya da Ajingi ba baƙinsa ba ne.

Sinadarin gina jiki da ake nema a nama akwai shi a wake da gyaɗa da riɗi da gurjiya da waken suya. Sirrin shi ne a haɗa hatsi da wake, domin abin da hatsi ya gaza da shi wake na cike shi, abin da wake ya gaza da shi kuma hatsi na cikewa. Iyayenmu sun daɗe suna yin haka ba tare da sun shiga aji ba: dawa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, alale da kunu. Awara ma babbar mataimakiya ce. Asalinta daga Sin take, kuma ta bazu a wurinmu bayan da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasu hukumomi suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya tun a shekarun 1980. Sai dai ki lura, awarar da aka soya ta sha mai ta zama wani abu daban. Ki gwada yanka ta cikin miya a madadin nama, ko ki gasa ta da ɗan mai kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ba sai kin nemi sikeli ba. Ki raba kwanonki a ido: rabi ganye da kayan miya, kashi ɗaya cikin 4 wake ko awara, sauran kashin kuma tuwo ko shinkafa. Mai ciwon sukari ta fi kowa buƙatar wannan rabo, don ko tuwon dawa ne, in malmala ta yi yawa sukari zai hau. Wajen surfe kuma kada a matsa har hatsi ya yi fari fat, alherin yana cikin dusar.

Gishiri fa? Hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Babban kason dunƙulen magi gishiri ne. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a wurin mai hawan jini, ga shi tana lalata wasu bitamin na abinci. Maimakon ki zuba kanwa don wake ya yi saurin nuna, ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan da safe, zai dahu da wuri kuma kumburin ciki zai ragu. Ɗanɗano kuwa ki neme shi a daddawar kalwa ko ta batso, da albasa, tafarnuwa, citta, masoro da kanumfari.

To yanzu ga gargaɗi, kuma don Allah a saurara da kyau. Akwai wani bitamin da ake kira B12, wanda ba a dogara da tsirrai wajen samun sa. Yana cikin nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Jiki na ajiye shi a hanta, shi ya sa mutum kan yi shekaru kafin alamar rashinsa ta fito: kasala, ƙarancin jini, mantuwa, da jin tafin hannu da ƙafa suna mutuwa ko suna tsira kamar allura. Duk 'yan bigan na ƙasashen waje da suka san abin da suke yi suna shan ƙwayarsa. Mai shan maganin sukari da ake kira metformin ma ta sani cewa daɗewa a kansa na iya rage wannan bitamin. Don haka mai juna biyu, mai shayarwa, ƙananan yara da masu sikila, kada su bar abincin dabba gaba ɗaya ba tare da kulawar likita ba. Jaririn da uwarsa ba ta da wannan bitamin yana iya samun matsala a girman ƙwaƙwalwarsa. Ƙwai ɗaya, ko ludayin nono, ko ɗan busasshen kifi a miya, ba ƙaramar kariya ba ce. Mai ciwon ƙoda ita ma sai ta tambayi likita kafin ta yawaita wake da ganye.

Haka kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana cikin wake da ganye, amma jiki bai cika zuƙar sa da sauƙi ba sai an haɗa shi da abu irin su lemon tsami, tumatir ɗanye, gwaba ko garin kwalba da nono, wato ƙwamen kuka. Shayi kuwa yana hana shi shiga jiki, don haka a ba da tazara tsakanin abinci da shayi. Sannan babban abu: gyara abinci ba ya nufin ajiye magani. Hawan jini ba ya sallama, mace na iya jin garau alhali awonta ya haura 140 bisa 90. Likitan da ya ɗora ki a kan magani shi ne zai rage miki in ya ga awo ya sauka.

Sai tambaya ta uku, ta gidan yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, 'yar uwa. Ki fara da maigida, tunda shi ke cefane. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa katin asibiti, ki ce, “Malam, ga abin da likita ya ce.” Ki kuma nuna masa cewa mudun wake ya fi kilon nama araha nesa ba kusa ba. Abokan zamanki kuma kada ki je musu da umarni. Wadda take gaba da ke ki ce, “Yaya, don Allah in kin zo sa magi da gishiri, ki ɗibar mini tawa miyar tukuna.” Wannan bai taɓa girkinta ba, bai rage mata komai a idon maigida ba. Ranar naki girkin kuma ki rage gishirin kaɗan-kaɗan, harshe na sabawa cikin 'yan makonni. In miyarki ta yi daɗi, wata rana da kansu za su tambaye ki me kika sa.

Bayan gida, sai unguwa. Muna da adashi, muna da ajin Islamiyya, muna da zumunta ta biki da suna. Me zai hana mata 10 su haɗa kuɗi ranar kasuwar Kademi a lokacin kaka, su sa a auno musu wake da waken suya da gyaɗa a kan sari, su raba? Da damina ganye kamar a zubar, da rani kuwa sai a neme shi a rasa. Ku haɗu ku shanya zogale da rama da kuka da kuɓewa. Ganye a inuwa ake shanya shi, kan tabarma mai tsabta, don rana na cinye amfaninsa. Kowace ta dasa zogale a bayan ɗaki, reshe kawai ake kafawa ya kama. In hali ya yi, ku sayi na'urar awon jini guda ɗaya, ku roƙi ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta koya wa mai ilimi a cikinku yadda ake amfani da ita, a riƙa rubuta awon kowa a littafi duk mako. Wadda aka ga nata ya hau, a raka ta asibiti.

A gidan biki ma mu taimaki juna. In 'yar uwa ta ce ba za ta sha lemon kwalba ba, kada a ce ta cika iyayi ko tana ƙyamar abincin mutane. Ki ajiye mata zoɓo marar sukari ko ruwa mai sanyi. Sau da yawa kunyar mutane ce ke mayar da mara lafiya kan abin da likita ya hana ta.

A taƙaice dai 'yar uwa ta Kademi, ba sai kin bar nama da nono kwata-kwata ba. Ki fara da kwana 2 ko 3 a mako da wake ko awara za su tsaya a matsayin nama, ki ninka ganye, ki rage magi da sukari da suya, ki riƙe maganinki, ki koma awo bayan wata ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. In kuma kin ƙuduri bari gaba ɗaya, to ki je likita ya rubuta miki bitamin B12 tukuna.

Muna jiran wasiƙarki ta gaba mu ji yadda aka kwashe da Yaya da maigida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.