Buntu da Ɓawon Gyaɗa a Ɗakin Gwaje-gwaje

Duk wanda ya leƙa kundayen digiri a sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato zai ga kaya iri ɗaya suna ta dawowa: buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, kashin shanu. Wannan ya ƙona ɓawo ya mai da shi gawayin tace ruwa, wancan ya cura buntu ya zama makamashin girki, wani ya tsima kashi ya tatsi gas.

Dalilin farko aljihu ne. Ɗalibin da ke sayen sinadarai da kuɗinsa, buhun buntu a garin Kura ba zai karya shi ba. Sharar ma ta ƙaru. Bayan rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 injinan casa sun yawaita, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara wa kowa ƙishirwar makamashi mai rahusa. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: malami ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalu, irin wannan gwaji kuwa 'yan watanni sun ishe shi.

Aikin yana da amfani. Majemun Challawa da Sharaɗa a Kano da gishirin kiromiyam suke jima, dagwalonsu kuma yana gangarawa ruwan da manoma ke ba kayan lambu. Gwaje-gwaje sun nuna gawayin ɓawo yana kama wannan guba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ma ta daɗe tana aiki kan gas ɗin kashin dabbobi da murhu mai tattalin itace.

Abin da ke damuna shi ne inda ake tsayawa. Sau da yawa ruwan da aka tace haɗa shi aka yi a kwalba, alhali dagwalon majema cike yake da gishiri, farar ƙasa da kitse, waɗanda ke rage wa gawayin ƙarfi. Yin gawayin kansa yana cin wuta mai tsanani da asid, kuma da wuya ka ga an yi lissafin kuɗinsu. To in gawayin ya ƙoshi da kiromiyam, ina za a zuba shi? Shi kuwa kashin shanu taki ne da manomi ke nema, kuma tsima shi yana buƙatar ruwa kusan daidai da yawansa, a yankin da rani ke ƙafar da rijiyoyi. Buntu ma ya samu masu saye cikin masu kiwon kaji da masu turara shinkafa.

Kirana ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da shugabannin sassa: ku ware kuɗi a ɗauki ko da gwaji ɗaya a kai shi harabar majema ko injin casa, a yi shekara guda ana aiki da shi ana rubuta abin da ya ci.