Ko Ka San Abin Da Ke Ɗaga Bodin Tifa?

Tifa ta iso wurin gini a bayan Ƙofar Ƙaura, maƙare da yashi. Direba bai sauko ba, bai kira leburori ba. Wani ɗan ƙarfe kawai ya ja, sai bodi ya miƙe sama, yashi ya zube tsibi guda. Babu sarƙa, babu igiya. Mai ne ya yi aikin.

Makanikai na kiran wannan tsari haidurolik, kuma tushensa abu ɗaya ne: iska tana matsuwa, amma ruwa da mai kusan ba sa matsuwa. A toshe bakin sirinji mai iska a danna, zai shige. A cika shi da ruwa, sai ya cije. Masanin Faransa Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi yana isa kowane ɓangare daidai wa daida. A 1795 Joseph Bramah na Ingila ya mayar da wannan ilimi injin matse kaya.

Jak ɗin mai faci ya fi nuna dabarar. Fistin biyu ne a cikinsa, ƙarami da babba, mai na haɗa su. Idan faɗin fuskar babban ya ninka na ƙaramin sau 20, nauyin kilo 10 a kan ƙaramin zai ɗaga kilo 200. Sai dai ba a banza ba: kafin babban ya tashi santimita 1, sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 20. Shi ya sa yaron mai faci ke ta buga hannun jak yana zufa, mota kuwa tana tashi kamar ba ta so.

A tifa da katafila, injin ne ke juya famfo, famfo ya tura mai ta tiyo zuwa silinda.

Birkin ƙananan motoci ma da mai yake aiki, kuma babban abokin gabarsa iska ce. Da ta shiga bututu, feda sai ta yi laushi, domin ƙafa iskar take matsewa, ƙarfin bai kai taya ba. Wannan "taka, taka, riƙe!" da ake ji a garejojin Katsina, iskar ake kora.

Direban da ya ji birkinsa ya yi laushi, ya fara biyawa gareji kafin ya kama hanyar Kano.