Harsashi marar ƙarfi, aiki mai wuya: yadda 'yan gasar harbin kaboyi ke ɗura nasu

A jihohin Amurka akwai wani wasa da ake kira gasar harbin kaboyi. Maza da mata sukan yi shigar mutanen yammacin ƙasar na ƙarni na 19, da malafa da dogon takalmi, kowa da laƙabin da ya zaɓa wa kansa, su jeru suna harbin farantan ƙarfe ana auna musu lokaci. A kudancin Kalifoniya abin ya samo asali. An yi babbar gasarsu ta farko, End of Trail, a 1982, sannan a 1987 aka kafa ƙungiyar Single Action Shooting Society, wato SASS, wadda ita ke tsara dokokin wasan. Kowane ɗan wasa yana zuwa da libarba biyu irin na da, waɗanda sai an ja gudumarsu baya da babban yatsa kafin kowane harbi, da doguwar bindiga mai ɗaukar harsashi irin na libarba, da kuma bindigar harbin tsuntsaye.

Wanda ya saba da fina-finan kaboyi zai zaci ƙarfin harsashi ake nema. Akasin haka ne. Farantan ba su da nisa, kuma wanda ya riga gamawa ba tare da kuskure ba shi ne gwani. Harsashi mai ƙarfi yana sa bindiga ta yi shuri, bakinta ya ɗaga sama, kafin mutum ya sake saiti lokaci ya tafi. Yana kuma lotsa farantin, ya watso gutsattsarin dalma baya wajen jama'a. Don haka SASS ta sa iyaka: harsashin libarba kada ya wuce gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa, na doguwar bindiga kada ya wuce 1,400, kuma dole kan harsashin ya zama dalma, ba mai rigar jan ƙarfe ba. Ta ƙasa ma akwai iyaka ga masu amfani da albarushi marar hayaƙi. Gudu kada ya gaza ƙafa 400, kuma idan aka ninka nauyin kan harsashi da gudunsa aka raba da dubu, kada sakamakon ya gaza 60. Ana auna nauyin da ma'aunin giren, wanda kusan 15 da rabi ke yin giram ɗaya. Kan harsashi mai giren 125 ke nan sai ya yi gudun ƙafa 480 kafin a yarda da shi.

Mai wasan nan yakan harba dubban harsasai a shekara, sayen na kanti kuwa yana cin aljihu. Shi ya sa da yawansu ke tsince kwansunan tagullar da suka harba, su wanke, su sake ɗura su a gida, abin da dokar Amurka ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa. (A Najeriya dokar makamai ta haramta wa mutum ya haɗa harsashi a gida.) Aikin a ido ba wuya. Ana matse kwanson ya koma girmansa, a cire tsohon ƙyastun da ke gindinsa a sa sabo, a zuba albarushi, a ɗora kan dalma, a danne bakin kwanson ya riƙe shi. Amma akwai wata matsala da tarihi ya bar musu, kuma a ganina duk hikimar wannan sana'a a kanta take.

Kwansunan da suke amfani da su an ƙirƙire su ne don baƙin albarushi. Harsashin .45 Colt ya fito a 1873 tare da libarbar Colt da sojan Amurka ya ɗauka, .44-40 na kamfanin Winchester shi ma a shekarar, .38 Special kuma a 1898. Baƙin albarushi, irin wanda 'yan bindiga ke tayar da hayaƙi da shi a hawan Sallah, haɗin gawayi ne da farar wuta da sinadarin fotasiyam naitiret. Fiye da rabin abin da yake bari in ya ƙone toka ce da hayaƙi, saboda haka sai an zuba da yawa. Kwanson .45 Colt yakan ɗauki har giren 40, ya cika maƙil, babu fili. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi daga auduga da aka sarrafa da asid. Wannan kusan gaba ɗayansa iska mai zafi yake komawa, kaɗan daga cikinsa na yin aikin mai yawa na wancan. To, ga babban kwanso na zamanin da, ga ɗan albarushi na zamani, ga kuma ɗan wasa da ke son a ƙara rage shi. Sau da yawa abin da ake zubawa bai kai sulusin kwanson ba.

Wannan filin da ya saura shi ne tushen haɗari. Idan hankalin mai ɗuri ya ɗauke ya zuba sau biyu, albarushin ba zai tumbatso ya tona asirin kuskuren ba, kan harsashin zai zauna lafiya ƙalau kamar babu komai. Albarushi marar hayaƙi kuwa yana da wata ɗabi'a: da matsi ya ƙaru sai ya ƙara saurin ƙonewa, saurin kuma ya sake ƙara matsin. Ninka awo ba ninka matsi kawai yake yi ba, yana wuce haka nesa. Ƙungiyar SAAMI, mai tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ta tsayar da matsin .45 Colt a fam 14,000 kan kowane inci murabba'i, na .38 Special a 17,000. Zubi biyu na albarushi mai saurin ci na iya tsallake wannan har ya fasa gangar libarba a hannun mai ita. Tsofaffin Colt da aka ƙera kafin 1900 ma ba a yi su don albarushin zamani ba sam.

Ragewa fiye da kima ita ma tana da nata sharrin. In albarushin ya yi kaɗan, ko an manta ba a zuba ba, ƙarfin ƙyastu kaɗai na iya tura dalmar ta maƙale a cikin bututu. A wasan da ake harbi biyar cikin 'yan daƙiƙu, harbi na gaba zai tarar da hanya a toshe. Shi ya sa alƙalin da ke bayan ɗan wasa yake kasa kunne, da ya ji ƙara ta fita a raunane sai ya daka tsawa a tsaya. Ko ba a kai nan ba, ɗan albarushin yana yawo a cikin kwanso kamar gero a gindin ƙwarya: in ya taru kusa da ƙyastu gudu ya ƙaru, in ya gangara gaba gudu ya ragu. Kuma idan matsi bai isa ya buɗa tagullar ta manne da bangon ramin da harsashi ke zama a ciki ba, iska takan sulalo baya, kwanso ya fito da baƙin kunkunniya a gefensa. Gogaggen mai ɗuri yana karanta wannan alama.

Mafita iri-iri aka samo. Kamfanin IMR ya fitar da Trail Boss a 2005, albarushi mai ƙwayoyi kamar zobe, marar nauyi amma mai cin wuri, don ya cika kwanso sosai har zubi biyu ya kasa ɓoyuwa. Wasu sun koma gajerun kwansuna irin .45 Schofield, da yawa kuma sun rungumi .38 Special, wanda filinsa bai kai na .45 ba kuma shurinsa kaɗan ne. Ana zaɓen dalma mai laushi, domin a ƙaramin matsi ita ce ke buɗewa ta toshe bututu da kyau, mai tauri kuwa iska na ratsa gefenta ta bar dalma a manne ciki. Kan harsashin kuma mai faɗin baki ake so, tunda a doguwar bindiga harsasai a jere suke, bakin wannan na taɓa ƙyastun na gabansa.

Duk da haka babu wani albarushi da zai maye gurbin idon mutum. Masu hankali ba sa ƙirƙiro awo daga kansu, littattafan da kamfanoni irin Lyman da Hodgdon suka gwada a ɗakin bincike suke bi, kuma mafi ƙarancin awon da aka rubuta suna girmama shi kamar mafi yawansa. Gwangwanin albarushi ɗaya kaɗai suke ajiyewa a kan tebur, su haska fitila su leƙa kowane kwanso kafin su rufe shi. Akwai kuma illar da ba ta yin ƙara, wato gubar dalma, wadda ke cikin kan harsashi da ƙyastu da ƙurar da ke tashi wajen goge kwansuna. Ba a cin abinci a wurin aikin, ana wanke hannu, kuma yara ba sa shiga ɗakin, domin su dalma ta fi yi wa lahani.